Dalmar da Mafarautan Amurka ke Kai wa Iyalansu

Da zarar kaka ta kama a Amurka, mafarautan barewa sai su tayar da tsohuwar gardamarsu. Wannan ya ce babu kamar .30-06, harsashin da sojan ƙasar ya fara aiki da shi a 1906. Wancan ya rantse da .270 Winchester na 1925, wai ya fi miƙewa a tafiya. Matasa kuwa sun rungumi 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007, don ba ya dukan kafaɗa sosai. Barewar da aka sama a haƙarƙari daga nisan mita 100, kowanne cikin ukun zai kwantar da ita. Amma da an taɓo zancen dalmar da ke cikin kan harsashin, sai masu gardamar su haɗe kai: dalma gadon iyaye ce, mai sukarta kuma maƙiyin bindiga ne ya sake riga.

Ban yarda ba. Harsashin da aka saba da shi dalma ce aka lulluɓe da siririn jan ƙarfe. In ya daki nama da ƙashi da irin gudun da yake yi, ba ya wucewa yadda ya shiga. Ɓarɓashi yake watsawa, wani ko ƙwayar yashi ta fi shi girma, har nesa da ramin da ya huda. Wuƙar mahauci ba ta ganinsa, injin niƙa nama kuma sai ya gauraya shi da komai. A 2008 wani likita a jihar Dakota ta Arewa, William Cornatzer, wanda shi ma mafarauci ne, ya sa aka ɗauki hoton asibiti na ƙullin niƙaƙƙen naman barewa da mafarauta suka bayar sadaka don ciyar da mabuƙata. Fiye da rabi akwai ɓarɓashin ƙarfe a ciki, gwaji kuma ya nuna dalma. Hukumar lafiyar jihar ta ce a zubar da naman.

Mu da muka ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, ba sai an yi mana wa'azi ba. Na sani, abin da ke cikin nama bai kai ko kusa da ƙurar dutsen zinariyar da aka riƙa niƙawa a tsakar gida ba. To amma likitoci ba su san wani adadin dalma da ƙwaƙwalwar yaro ke ɗauka lami lafiya ba.

Kayan cikin barewar da ake yasarwa a daji kuma, da ɓarɓashin dalmar a ciki, tsuntsaye ke cinyewa. Babbar ungulun Kalifoniya, wadda 27 kacal suka rage a 1987, har yau dalma ce kan gaba wajen kashe ta, shi ya sa jihar ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya daga Yulin 2019.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu ɗura harsashinsu da hannu a gida. Mutum ya zauna gaban teburinsa yana goge kwanso ɗaya bayan ɗaya, yana auna albarushi a ɗan sikeli kamar maƙerin zinariya, sa'an nan ya ce kan harsashin jan ƙarfe zalla wahala ne! Kamfanin Barnes ya fitar da irin wannan kan harsashi tun 1989. Gaskiya ne ya fi tsada, kuma da yake jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, kan ya fi tsawo, yana kuma buƙatar gudu kafin bakinsa ya buɗe. Maganin a hannun mai ɗuri yake: ya ɗauki kai marar nauyi sosai, ya bi ma'aunin littafin kamfanin, ya gwada a filin harbi. Barewa nawa ma yake harbi a shekara? Ɗaya ko biyu. Kwali guda zai kai shi kaka da yawa, naman da zai ɗora wa 'ya'yansa a tukunya kuma babu dalma a ciki.