Ranar Da Muka Bi Tsuntsaye Har Bakin Teku

Na yi alkawarin yau za mu tattauna kan tarin yara a lokacin sanyi, to ku yi mini afuwa, wani labari ya sha gabansa.

Masu bibiyar filin nan sun san aikin jinya ya kawo ni Ingila da iyalina. Hunturun nan daban yake da wanda muka sani a gida. A watan Disamba gari ba ya wayewa sai wajen ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma rana ta faɗi. Idan ina aikin dare, sai in yi kwana uku ban ga rana da idona ba. Ni na daure, amma babban ɗana mai shekara 10 sai ya canja mini. Yaron da ke cika gida da surutu ya koma shiru, daga makaranta sai ɗaki, daga ɗaki sai waya. In na tambaye shi, amsar ɗaya ce: "Ba komai, Umma." Ke da kika haifa kin san "ba komai" ɗin da akwai komai a cikinsa.

Wata abokiyar aikina, Baturiya dattijuwa, ita ta ce in kwashi yaran mu je kallon tsuntsaye a gabar tekun Norfolk da ke gabashin ƙasar. Dariya na yi, na ce tsuntsu kuma? Mu da muka taso muna korar su daga gonar gero? Ba ta yi musu da ni ba, washegari sai ta kawo mini aron madubin hangen nesa. Kunya ta hana ni mayar mata da shi ban yi amfani da shi ba.

Ranar Asabar bayan sallar Asuba muka kama hanya, ni da Abbansu da yaran biyu, da filas ɗin shayi da ƙosai a kula. Zangonmu na farko fadamar Cley ce, wadda aka keɓe wa tsuntsaye tun 1926. Fili ne shimfiɗaɗɗe na ruwa da laka da dogayen ciyayi masu kama da kyauro, an yi 'yan ɗakunan katako masu siraran tagogi inda mutum zai zauna ya leƙa ba tare da ya firgita tsuntsaye ba. Dokar wurin ɗaya ce, a yi shiru. Autata ta karya ta sau uku cikin minti biyar.

Da farko ban ga komai ba sai ruwa da sanyi. Can sai ido ya fara sabawa. Ga agwagin ruwa iri-iri, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar na kududdufin garinmu, ga wani shaho yana shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyayin. Wani dattijo da ke kusa da mu ya nuna wa yarona wasu baƙaƙen dinyoyi ƙanana, ya raɗa masa cewa daga arewacin Rasha suke zuwa duk shekara, saboda sanyin da muke kuka da shi su a wurinsu sauƙi ne. Na lura yaron ya karɓe madubin daga hannuna, bai kuma dawo mini da shi ba har yamma.

Da hantsi muka ƙarasa Holkham, tafiyar kusan rabin awa a mota. A nan akwai wani katafaren gidan masu sarauta na ƙarni na 18, kewaye da makeken lambu mai tsofaffin itatuwa da tafki, ga garken barewa na kiwo hankali kwance. Muka ci ƙosanmu da ya riga ya huce, muka yi Azahar a gefen mota. A wannan lokaci na shekara Azahar da La'asar da Magariba a jere suke zuwa kusan kan-kan-kan, dole mai fita ya riƙa duba agogo.

Daga nan sai bakin teku. Ana ratsa wani kurmi kafin a ɓulla ga rairayi mai faɗin da ido ba ya iya cinyewa. Iska kamar ta yanke kunne. A bakin ruwan wasu 'yan fararen tsuntsaye da ba su kai tafin hannu ba suna bin igiyar ruwa da gudu idan ta janye, su tsinci abinci, su juyo a guje idan ta dawo. Yaran suka shiga kwaikwayonsu, har takalman suka jiƙe. Rabon da in ji dariyar yarona irin wannan na manta.

Muna dawowa wajen mota rana na shirin faɗuwa, sai ga wata farar mujiya tana farauta a kan ciyawa. Ban san lokacin da a'uziyya ta kuɓuce mini ba, tarbiyyar gida ba ta barin mutum. Turawan da ke wurin kuwa murna suke kamar an yi musu bushara. Ɓera kawai take nema, baiwar Allah.

Sannan muka ji ƙarar. Da fari kamar hayaniyar kasuwa daga nesa, sai sama ta cika da dinyoyi masu jajayen ƙafafu, layi bayan layi, dubbai, suna dawowa daga gonaki zuwa makwancinsu. Waɗannan a Iceland da Greenland suke ƙyanƙyasa, su zo nan da kaka, su koma idan bazara ta shigo. Ina karanta wa yaran wannan bayani a jikin allo, sai yarona ya ce, idonsa na sama: "Umma, su suna komawa gida duk shekara. Mu fa?"

'Yar uwa, ban da amsa a shirye. Na dai riƙe hannunsa. A mota, cikin duhu, maganar ta fito da kanta: wasu yara a ajinsu suna kwaikwayon yadda yake Turanci, kuma yana kewar kakarsa, yana tsoron kada ta rasu bai sake ganinta ba. Wata biyu ina tambaya a falo ban samu wannan ba. Yaro ya fi buɗe ciki idan kuna kallon abu ɗaya tare, ba ki tsare shi da ido ba.

Ranar Litinin na je na ga malamarsu. Mun kuma tsayar da kiran bidiyo da Hajiya duk Juma'a, shi ke riƙe wayar. Ban ce komai ya warware ba, amma ya dawo cin abinci tare da mu.

Bari in sa hular aikina kaɗan. Ga 'yan uwa mazauna ƙasashen sanyi, daga Oktoba zuwa Maris ranar Ingila ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da bitamin D, shi ya sa hukumomin lafiya a nan ke ba da shawarar shan maikrogiram 10 a kullum, mu masu duhun fata kuwa har duk shekara. Idan kuma shirun yaro ya wuce mako biyu, ya daina cin abinci ko barci, ko ya bar abin da yake so, a kai shi ga likita. Yawo ba ya maye gurbin asibiti.

Ke da ke gida kuma, ba sai kin zo Norfolk ba. A daidai wannan lokaci na hunturu, tsuntsayen da suka gudo daga sanyin Turai suna sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, da Dagona a jihar Yobe, da Tafkin Chadi. Ko wannan ya yi miki nisa, akwai kududdufi ko dam ko bakin rafi kusa da ke. Ki zaɓi safiya ɗaya, a bar wayoyi a jaka, a sa wa yara rigar sanyi, ku je ku zauna. Ki tambaye su me suka gani, ki gaya musu sunayen da kika sani: balbela, shirwa, tsattsewa, da shamuwa wadda ita ma tafiya take yi sai damina ta dawo da ita. Sauran maganar za ta zo a kan hanyar komawa gida.

A ina naki yaron ya fi sakin jiki ya yi miki magana? Ina jiran jin ta bakinku. Maganar tari kuma sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.