Inabi Halal Ne, Giyarsa Ce Haram

'Yan uwa matasa, a yankin Shamfen na Faransa, ƙasar sanyi, masu yawon buɗe ido na bin gonakin inabi suna kurɓar giya, wai wayewa. Wannan ba ziyarar Musulmi ba ce. Manzon Allah (S) ya la'anci mai matsa giya da mai dakonta, ba mashayi kaɗai ba.

Amma inabi bai yi laifi ba. A Hunƙuyi, kusa da Zariya, ana nomansa don ci. Samarin Lambara, maimakon zaman kashe wando, ku yi karo-karo ku je. Ku koyo kafa rumfarsa da datse rassansa, ku tambayo ko zai jure zafin Sakkwato. In kun noma, kada ku sayar wa mai matsawa.

Allah Ya sa mu dace.