Malamin waƙar da ya daina karatu

A shekarar 1854, wani malamin waƙa ɗan Sifen, Manuwel Garsiya, ya cusa ƙaramin madubin likitan haƙori a bakinsa, ya haska da hasken rana, ya ga tantanin muryarsa biyu suna motsi. Abin lura shi ne, ba likita ba ne ya yi wannan aiki, malamin waƙa ne da ya gaji da koyar da abin da bai taɓa gani ba. Yau, shekara 170 da ɗoriya bayan haka, malamai da dama suna koyarwa kamar ba a taɓa ɗaga madubin ba.

Dubi umarnin da ya fi yawo a bakinsu: a rera daga tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Wannan tsoka aikinta jawo iska ne, kuma sassautawa take yi yayin da iska ke fita, wato daidai lokacin da ake rerawa. Ɗalibin da ya ɗauki maganar a zahirinta sai ya ƙame ciki, ya matse wuya, ya tura murya da ƙarfi. Haka batun zuma da citta da kanumfari, waɗanda mawaƙa da masu bege da ladanai suka dogara da su. Suna iya sanyaya maƙoshi, ba a musu. Amma abin da aka haɗiye hanyar abinci yake bi. Da zai taɓa tantanin murya, da mutum ya shaƙe. Abin da ke taimakon muryar shi ne jiki ya sami isasshen ruwa, a kuma rage yi mata wahala, musamman a busasshiyar iskar hunturu.

Masu kare tsohon yayi suna cewa waƙa baiwa ce, kuma manyan mawaƙa sun shahara ba tare da sanin sunan tsoka ko ɗaya ba. Gaskiya ne, sai dai hujjar ta mawaƙi ce, malami ba shi da rabo a cikinta. Mai rerawa yana kasada da maƙogwaronsa, mai koyarwa kuwa da na 'ya'yan wasu. Tantanin nan yana haɗuwa ya rabu sau 440 a daƙiƙa guda idan aka rera sautin da ake daidaita kayan kiɗa da shi. Kuskuren da aka maimaita a irin wannan sauri, wata da watanni, shi ke zama ƙulli ko zubar jini. Kuma shahara ba ta kare kowa: a 2011 sai da aka yi wa Adel tiyata a Boston bayan jini ya tsinke mata a tantanin murya.

Ba a ce malami ya zama likita ba. Ana so ya san inda iyakarsa take. Dishewar da ta kai makonni huɗu ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, ƙarin atisaye ba ya maganinta. Ya kuma san dalilin da ya sa fitar da sauti ta siririn bututu, dabarar da masanin murya Ingo Titze ya yi wa bayani, ke rage karon tantanin. Ƙungiyar malaman waƙa ta Amurka, wadda aka kafa a 1944, tana shirya tarukan ƙara ilimi kan irin waɗannan batutuwa, amma doka ba ta tilasta wa kowa halarta: wanda ya ga dama yana iya buɗe aji gobe ya fara karɓar kuɗi. Saboda haka tantancewar ta koma hannun iyaye da ɗalibai, kuma suna da 'yancin tambayar malami yaushe rabonsa da ya zauna a gaban wani ya koya.