Zuwa ga Matasan Malamai Masu Koyar da Tarihin 1500 Zuwa 1800 a Jami'o'inmu

Ƙannena kuma 'ya'yana a wannan sana'a,

Na san halin da kuke ciki. Aji ya cika maƙil, albashi ba ya kai ƙarshen wata, laburare ya daɗe bai ga sabon littafi ba. Duk da haka kuna shiga aji, kuma kun fi mu iya tono littattafai a intanet. Allah Ya saka muku da alheri. Sai dai ba yabo ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Kundayen kammala digiri da ake aiko mini in duba su suka hana ni yin shiru. Ɗalibi zai cika babi guda a kan Mai Idris Alooma, ya yi ta ambaton Ahmad ibn Furtu, amma da ka karanta ka san bai taɓa buɗe littafin Ibn Furtun ba. Daga takardun darasin malaminsa ya kwaso, malamin ya kwaso daga wani littafin makaranta, mai littafin kuma daga fassarar da Palmer ya buga a 1926. Kafin maganar ta iso ga yaro ta zama kamar furar da kowa ya ƙara wa ruwa. Kuma ku kuka sa hannu a kai.

Ibn Furtu fa babban limamin Mai Idris ne. Ya rubuta littattafansa biyu a 1576 da 1578, ɗaya a kan yaƙe-yaƙen Borno, ɗaya a kan yaƙin Kanem da Bulala, yana zaune a inuwar sarkin da yake yabo. To me limamin sarki zai faɗa, me zai haɗiye? In ya kira wasu mutane 'yan tawaye, su me suke kiran kansu? Yin irin wannan tambayar shi ne aikin ɗan tarihi, kuma ba a yi wa takardar darasi ita, sai nassin kansa. Dierk Lange ya fitar da littafin farko da Larabcinsa da fassararsa tun 1987. Ina uzurin?

Haka ake yi da Kundin Tarihin Kano. Yara suna jawo shi a kan mulkin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, kamar marubucin yana fada a lokacin, alhali John Hunwick ya kawo hujjar cewa sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa shi. Suna kuma rubuta cewa Askiya Muhammadu ya ci Kano, don Hasan al-Wazzan ya faɗi haka a littafinsa da aka buga a Banis a 1550. Kundin Kano bai ambaci wannan ci ba. Majiya biyu sun saɓa, nan karatu ya fi daɗi, nan kuma kuke tsallakewa don jarrabawa ta zo da sauƙin maki.

Ba haka magabata suka bar mana ba. Abdullahi Smith, wanda ya kafa sashen tarihi a Zariya a 1962 da Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen tattara rubuce-rubucen Larabci don ɗalibi ya riƙe su da hannunsa. Yusufu Bala Usman bai ƙyale ko Heinrich Barth ba: ya zauna ya auna abin da Baturen ya rubuta a kan Katsina, wa ya gaya masa, a wane hali. A wancan lokaci in ka faɗi magana a taron ƙara wa juna sani, kafin ka zauna an ce maka, a ina ka gani? Gumi yakan karyo wa mutum. Yau wa yake tambaya? Raina yana ɓaci in na tuna an tara takardun nan da wahala, ga su a ajiye ƙura tana ci, jikokin masu su kuma suna samun digiri ba su san hanyar ɗakin da aka ajiye su ba.

Zancen Larabci kuwa, ku yi haƙuri, abin kunya ne. Da yawan ɗalibanku sun yi allo, sun yi Islamiyya, wasu suna karanta ajami ba gargada. Kun bar su sun ajiye wannan a bakin ƙofar jami'a kamar ba ilimi ba ne, alhali kusan duk abin da mutanenmu suka rubuta a ƙarnukan nan uku da wannan harshe yake.

Aibi na biyu daga na farkon ya tsiro. Kun raba duniya gida biyu: Luther da 1517 da sulhun Wesfaliya na 1648 a kwas ɗaya, ƙasashenmu a wani kwas, ba mai leƙa wani. Mutanen wancan zamani ba su san wannan katanga ba. A 1578 Sarkin Fotugal Sebastiyan ya mutu a yaƙin Wadil Makhazin a Maroko, Ahmad al-Mansur ya hau mulki, ya yi arziki da kuɗin fansar fursunoni. Shi ne ya turo Judar, haifaffen Sifaniya, da 'yan bindiga, suka karya Songhai a Tondibi a 1591. Mai Idris ya aika manzanni ga Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa Murad na Uku, ya aika ga al-Mansur ɗin ma. Ahmad Baba na Tumbutu, da aka kai Marrakesh a ɗaure a 1594, ya yi fatawa a 1615 cewa mutanen Borno da Kano da Katsina Musulmi ne, bai halatta a bautar da su ba, a daidai lokacin da jiragen bayi ke ƙetara Atlantika. Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da ilimin wafaƙi, a Alƙahira ya rasu a 1741. Yaron da ya san waɗannan ba zai ƙara ɗaukar shekarun da suka gabaci jihadin 1804 a matsayin duhu kawai ba. Amma ina zai san su in takardar darasi ce iyakarsa? Kun ga mun koma inda muka fito.

In na yi zafi ku gafarce ni, ƙaunar aikin ce, kuma na san wasunku suna yin abin da nake roƙo ba tare da kowa ya yaba musu ba. Ga sauran, roƙona kaɗan ne. A zangon karatu mai zuwa ku shiga aji da 'yan shafuka na Ibn Furtu ko na Tarikhus Sudan na al-Sa'adi, Larabci da fassara gefe da gefe. Ku gayyato abokin aiki daga sashen Larabci ya zauna da ku. Kuma don Allah kada ku sa hannu a kundin da mai shi bai karanta majiyarsa da idonsa ba.

Wassalam,
Naku, tsohon malamin tarihi.