Baƙon Jami'a Yana Buƙatar Ɗan Jagora

Yaron da ya baro Maraɗi ko Damagaram, ya tsallaka gadar Kennedy zuwa Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ba ƙarancin ilimi ke fara kayar da shi ba. Rashin sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa ne. Ɗakin kwana, abinci, motar ɗalibai da magani suna hannun hukumar CROU, kuɗin tallafin karatu kuwa na ANAB ne. Wanda bai bambance su ba sai ya yini a layin da ba nasa ba, har wa'adin ajiye takardu ya wuce shi.

Ana liƙa sanarwa a allo, gaskiya ne, amma cikin Faransancin ofis, wanda ko mai bakaloriya sai ya maimaita karantawa. Ga kuma kunya: wani ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce masa baƙauye.

A ganina, nauyin yana wuyan tsofaffin ɗalibai, musamman ƙungiyoyin ƴan jiha ɗaya. Kowa ya riƙe sabo guda a makon farko, ya zaga da shi ofis-ofis da ƙafa, ya faɗa masa da Hausa ko Zabarmanci takardun da ake nema da ranar rufewa.