Ɗaki guda na talaka ne ke cinye dajin Magarya da Dungas?

An kai hatsi rumbu, ƙasa ta bushe, masu yin tubali sun koma bakin kududdufi. Lokacin gini ya zo ke nan, kuma rigimar da muka saba duk shekara za ta dawo: wa zai ƙara ɗaki, a ina, da izinin wa?

Kowa ya san yadda gidan ƙauye yake girma a wajenmu. Yaro ya isa aure, a yanka masa sashe a cikin gida. Ƙanensa ya taso, a sake yankawa. In cikin gida ya cika, sai a ture danga a shiga gonar bayan gida. Ba kwaɗayi ba ne, yawa ne. A ƙidayar 2012 gundumar Magarya tana da mutum sama da dubu 570, ta Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, tana da sama da dubu 350. A yadda ake haihuwa a Nijar, jama'a kan ninka cikin shekara ashirin ko ƙasa da haka. Yaran da aka ƙidaya suna firamare a lokacin, su ne angwayen bana. Ina za su kwana?

To amma gonar bayan gidan nan ba fili ba ne fayau. Akwai gawo a cikinta, kuma gawo itace ne da doka ta kare. Dokar daji mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004 ba ta yarda a sare itatuwan da aka kare ba sai da izinin hukuma. Ba mu da ja da wannan. Tun kafin zuwan Nasara, dattawa na ba da labarin irin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimun yake yi wa wanda ya sare gawo. Mun san amfaninsa fiye da wanda ya rubuta dokar: yana zubar da ganye da damina hatsi ya samu rana, ganyen ya zama taki, da rani ya yi kore ya ba dabba inuwa da 'ya'yan da za ta ci. Duk manomi ya san zangarniyar gindin gawo ba ɗaya take da ta nesa da shi ba.

Tambayarmu ita ce, wa ya rene shi? Bayan farin 1973 da na 1984 ƙasar nan ta yi tsirara, iska na binne shuka, a shuka sau biyu sau uku. Ba furoje ne ya zo da motocin dashe ya mayar da ita yadda take yau ba. Manoma ne suka riƙa barin tsiron gawo a gona lokacin sassabe, suna rage masa rassa, suna kare shi daga akuya da gatarin masu neman itacen wuta, shekara da shekaru. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi a 2006 ya nuna kusan hekta miliyan ɗaya na gonaki a Magarya, Matamaye da Mirya sun rufe da itace, galibinsa gawo. Daga ƙasashe ake zuwa kallon wannan aiki, a ɗauki hoto, a kai taron duniya a yi alfahari da Nijar. Gwamnati ma ta amsa: dokar shugaban ƙasa mai lamba 2020-602 ta 30 ga Yuli 2020 ta yarda manomin da ya rene itace a gonarsa yana da haƙƙin cin moriyarsa.

Shi ya sa abin ke ci mana rai. Mutumin da ya rene gawo talatin a gonarsa, yau yana son ya kawar da guda ɗaya da ya tsaya daidai inda zai ɗora ɗakin ɗansa, sai ya zama kamar ɓarawo a gonar ubansa. Bai san inda zai kai buƙata ba, bai san nawa zai biya ba, bai san kwana nawa zai jira ba. Abin da ya sani kawai, in ya taɓa, tara na nan tafe. Me kuke tsammani zai yi? Wani ya zagaye gindin itacen da wuƙa ya bar shi ya mutu a tsaye. Wani ya tara masa shara ya sa wuta da dare. Mafi muni, maƙwabcinsa da ke kallo ya ɗauki darasi: daga yau duk tsiron da ya fito kusa da gida a tuge shi tun yana ƙarami, kada ya girma ya zama na hukuma. Dokar da aka yi don kare gawo ta koma mai hana a rene shi.

Yanzu ku dubi ɗaya ɓangaren. Ku bi bakin hanya a gefen manyan garuruwanmu ku ƙirga turakun siminti da aka kafa a gonakin da jiya ake noma. Mai hali ya sayi gona sukutum, a yanka ta fuloti-fuloti, ko ya zagaye ta da katangar bulo ya tafi birni ya bar kango. Itacen da ke ciki ba a rana ɗaya yake ɓacewa ba, amma ku koma bayan shekara uku ku gani. Shi yana da takarda, don ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Fisabilillahi, wanne ya fi cin daji: ɗaki mai taku goma, ko hekta biyu da aka killace ba mai kwana a ciki?

Kada wani ya ce muna neman a saki kowa ya yi yadda ya ga dama. A'a, cikinmu ma akwai masu ɓarna, kuma za mu faɗa. Wanda ya tura katangarsa cikin burtali ya ci haƙƙin jama'a, ko talaka ne ko attajiri. Dokar makiyaya ta 2010 ta sa burtali da wuraren kiwo cikin dukiyar ƙasa, ba a sayarwa, ba a gadonsu. Taku biyu bana, taku biyu baɗi, sai garke ya zo ya tarar hanya ta tsuke, shanu su faɗa gona, a wayi gari ana maganar sanda da adda. Haka masu gangarawa da gini cikin fadamun Korama, wajen Bande da Waca da Guci, inda rake da rogo da kayan lambu ke riƙe gidaje da rani. Fadama ta noma ce, kuma hanyar ruwa ce. Daminar 2024 da ta kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram ta isa ta tuna wa kowa cewa ruwa bai manta hanyarsa ba.

Abin haushi, ba sabuwar doka muke nema ba. Tun ranar 2 ga Maris 1993 dokar karkara mai lamba 93-015 ta kawo kwamitocin filaye, waɗanda muke kira Kofo: na gunduma ƙarƙashin perfe, na komin ƙarƙashin magajin gari, da na ƙauye ƙarƙashin maigari, inda ya kamata manoma da makiyaya da mata da matasa su zauna tare. Su ke ba da takardar shaidar gado, ta saye, ta aro, ta jingina. To me ya hana maganar faɗaɗa gida ta fara daga nan? Maigari da mutanensa sun san wace gona ce ta wa, ina burtali ya bi, ina ruwa ke kwanciya, wane ne ya rene itace, wane ne ya share nasa ya sayar. Ba ma'aikacin da zai zo a babur na awa ɗaya ya san wannan.

A Ingila, wanda ke zaune cikin yankin karkara da aka kare, in zai yi babban ƙari a gidansa yana neman izini shi ma, kuma ana hana wasu. Amma ƙa'idar a rubuce take, ana sanar da maƙwabta, amsa kan zo cikin kamar mako takwas, in an hana shi a faɗa masa dalili, kuma yana da inda zai ɗaukaka ƙara. Ba kuɗinsu muke sha'awa ba. Sanin inda aka dosa muke nema.

Tun da aka rushe majalisun komin a watan Afrilun 2024, babu kansilan da za mu tare a kasuwa mu tambaya. Saboda haka kai tsaye muke magana da ku, shugabannin riƙo na komin-komin, da perfe-perfe, da iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Kowane ƙauye a zauna a fitar masa da gefen da zai faɗaɗa, a gaban masu gonakin, a daidaita da su, a nisanci burtali da fadama. Wanda zai kawar da gawo don gini a cikin wannan gefen, Kofon ƙauye ya shaida, mushen daji ya sa hannu, ya nuna tsiron da yake reno a madadinsa, a ba shi amsa kafin lokacin gini ya wuce. Kuɗin izini da na tara a liƙa su a ƙofar ofishin magajin gari, da Hausa, boko da ajami, a kuma karanta a gidajen rediyon karkara. Duk dala ɗaya da aka karɓa a ba da rasit.

Kuma tunda za a zo duba ɗakin ango, a biya ta kan katangun nan na bakin hanya tukuna. A faɗa mana wa ya sa hannu aka yanka gonakin, a wace rana, kuma gawo nawa ke ciki lokacin da aka kafa turakun.