Sauya doki a tsakiyar kogi

Turawa suna da karin maganar da ke gargaɗin kada a sauya doki a tsakiyar kogi. Shugaban Amurka Abraham Lincoln ne ya yayata ta a 1864, yana neman a sake zaɓensa ana cikin yaƙin basasa. Tun daga nan ta zama garkuwar duk mai ƙin a bar wani tsari a koma wani.

Mu a Gana mun ga an sauya doki, kuma an haye. Ranar 4 ga Agusta 1974 motoci suka bar hannun hagu suka koma dama. A 2007 sidi dubu goma ya zama sidi ɗaya, aka bar tsohon kuɗi da sabo suna yawo tare wata shida. Har yau a kasuwa ana kiran sidi ɗari "miliyan", amma ciniki bai tsaya ba. Shiri ne ya fisshe mu.

Inda muka yi sake shi ne rubutu. Mun koma boko, muka bar kayanmu a kan tsohon doki. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da ajamin Hausa. 'Ya'yanmu nawa a Nima ko zangon Kumasi za su iya karanta su? Makarantun allo sun riga sun koyar da baƙaƙen. Saura malamai su ƙara darasin ajami, 'yan boko kuma su zauna da su a juya rubuce-rubucen, tun masu iya karantawa suna raye.